Yaya zan hana manhajata hargitsa jerin faramitocin URL?

*"Assalamu alaikum Malam. Ina gina manhajar biyan kuɗin makaranta da Java, a kan Spring Boot. Idan iyaye suka gama biya, kamfanin da ke karɓar kuɗin yana dawo da su shafinmu da adireshi mai ɗauke da faramitoci, na ƙarshensu sa hannu ne da aka yi da HMAC. Takardar kamfanin ta ce in haɗa faramitocin yadda suka zo, in lissafa nawa sa hannun, in kwatanta da nasu. Ina karanta su da getParameterMap in zuba a HashMap in sake haɗa su, amma sa hannun ba ya dacewa. Da na buga su a allo sai na ga jerinsu ya canza. Na gwada TreeMap, bai yi ba. Na koma LinkedHashMap, yanzu yawancin biyan suna wucewa, amma wasu har yanzu suna faɗuwa, kuma na rasa dalili. Akwai hanyar da zan kiyaye jerin? Kuma wai a ƙa'ida jerin faramita yana da wani muhimmanci ne?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau, adireshin (URL) yana iso maka da faramitoci, wato tagwayen suna da ƙima irin su `kudi=25000`, a wani jeri, kana so ka same su a wannan jerin, kuma kana zaton idan ka dace da Map ɗin da ya kamata, wato ma'ajiyar suna da ƙima ta Java, magana ta ƙare. Hanya akwai, amma ba a cikin wani Map take ba. Duk abin da ke bayan alamar tambaya a adireshi, wanda zan riƙa kira wutsiyar adireshi, yana iso wa sabarka a matsayin rubutu ɗaya tilo, jerinsa bai taɓu ba. Kai ne, ko firamwok ɗinka, kuke farfasa shi. Abin da nake so ka yi shi ne ka daina ƙoƙarin sake gina wutsiyar, ka ɗauko ta ɗanya da `request.getQueryString()`, ka lissafa sa hannu a kanta. Sauran bayanin duk dalilin wannan ne, da wuraren da shi kansa ba zai ishe ka ba.

Abin da ƙa'ida ta ce

Babbar ƙa'idar adireshin intanet ita ce RFC 3986, ta shekarar 2005, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka rubuta. Abin da ta faɗa game da wutsiya kaɗan ne: tana farawa daga alamar tambaya ta farko, ta ƙare a alamar # ko ƙarshen adireshin, ga kuma baƙaƙen da aka yarda su shiga ciki. Ba ta wajabta a rubuta suna, alamar daidai, ƙima, sannan alamar & ba. Wannan salon daga fom na HTML ya samo asali, tsarin da ake kira application/x-www-form-urlencoded, kuma HTML 4.01 ta 1999 ta ce burauza ta jera sunaye da ƙimomi bisa yadda akwatunan suke a cikin shafin. Ƙa'idar URL ta WHATWG, wadda burauzoci ke bi a yau, ita ma tana ɗaukar wutsiya a matsayin jerin tagwaye, suna da ƙima, ɗaya na bin ɗaya.

To amsar tambayarka ta biyu ita ce: ga ƙa'ida, `?a=1&b=2` da `?b=2&a=1` adireshi biyu ne daban. Ko suna nufin abu guda, wannan manhajar da ke karɓa ce kaɗai za ta yanke. Yawancin manhajoji ba ruwansu da jeri, shi ya sa mutane suka saba cewa jeri ba shi da amfani, shi ya sa kuma masu rubuta laburare suka ji ba laifi su ba ka Map. Amma HMAC, lissafin da ke haɗa saƙo da mabuɗin sirri ya fitar da sa hannu, ba ya ganin suna ko ƙima. Bayit yake gani, ɗaya bayan ɗaya. Ka canza ɗaya, sakamakon ya canza gaba ɗaya.

Inda jerin ke salwanta

HashMap yana ajiye kowane suna a gurbin da lissafin hashCode ya nuna, kuma idan za ka zagaya a kansa gurbi-gurbi yake bi. Yana farawa da gurbi 16, idan abin da ke ciki ya haura 12 sai ya ninka gurbin ya sake rarraba komai, don haka ƙara faramita ɗaya yana iya sauya jerin sauran. TreeMap kuwa jera sunaye yake bisa haruffa, wato shi da gangan yake sauya jerin. Akwai wasu guda biyu da suke kama mutane ba su sani ba. `Collectors.toMap`, in ba ka gaya masa irin Map ɗin da kake so ba, HashMap yake ba ka. `Map.of` da `Map.copyOf` kuma jerinsu yana iya canzawa duk sanda aka sake kunna JVM, injin da ke gudanar da kod ɗin Java, an yi haka ne musamman don kada kowa ya dogara da shi. Irin wannan ne ke sa kod ya yi aiki da safe ya ƙi da yamma bayan an sake tayar da saba.

Shi kansa getParameterMap, ƙa'idar Servlet, wadda sabar Java ke bi, ba ta yi alkawarin jerin sunayensa ba. Tomcat, manhajar saba da Spring Boot ke zuwa da shi, yana amfani da LinkedHashMap a ciki, shi ya sa da ka koma LinkedHashMap ka ga sauƙi. Halin Tomcat ne wannan, ba haƙƙinka ba ne. Bayan haka, idan buƙatar POST ce mai ɗauke da fom, getParameterMap yana gauraya abin da ke wutsiya da abin da ke jikin saƙon a wuri guda, na wutsiya a gaba.

Ba Java kaɗai ba ce. A Go, `url.Values` map ne, kuma `Encode` yana jera sunaye bisa haruffa kafin ya haɗa su. A Laravel, `fullUrl()` yana bi ta kod ɗin Symfony wanda ke daidaita wutsiya ya jera sunayenta, don haka abin da ya ba ka ba lallai shi ne abin da ya shigo ba. A JavaScript, idan ka mayar da URLSearchParams zuwa obijet, sunayen da lambobi ne zalla suna tsallakowa gaba daga ƙarami zuwa babba. Python ta ba da tabbacin jerin dict tun daga 3.7 a 2018, amma `parse_qs` tana tara ƙimomin suna ɗaya a wuri guda, `parse_qsl` ce ke ba ka tagwayen a jere. Har rumbun bayanai ma yana yi: in ka ajiye faramitoci a jsonb na PostgreSQL, jerin sunayen ba ya dawowa yadda ka zuba shi.

Dalilin da wasu ke faɗuwa ko da LinkedHashMap

A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ɗauki wannan wutsiyar a matsayin misali:

`?lamba=1042&kudi=25000&suna=Sa%27adatu%20%C6%8Aanjuma&hali=nasara&sig=9f2c`

Kafin Tomcat ya miƙa maka ƙimar `suna`, ya riga ya warware ta: %27 ya koma alamar ɗauri ('), %20 ya koma sarari, %C6%8A ya koma babban Ɗ. Kai abin da kake gani a Map shi ne Sa'adatu Ɗanjuma, tsaf. Yanzu kana so ka mayar da shi yadda yake, sai ka kira URLEncoder. Shi kuma URLEncoder ba ya rubuta sarari da %20, da alamar + yake rubuta shi. Jeri daidai, sunaye daidai, ma'ana daidai, amma bayit uku sun koma ɗaya, sa hannu ya faɗi. Uban da ya rubuta suna ɗaya babu sarari, nasa zai wuce. Wanda ya rubuta suna biyu, nasa zai faɗi. Ina kyautata zaton idan ka jera waɗanda suka faɗi a gefe guda da waɗanda suka wuce a ɗaya gefen, irin wannan bambancin za ka gani.

Sarari ɗaya ne kawai daga cikin wuraren da laburare suka sha bamban. `encodeURIComponent` na JavaScript ba ya taɓa alamar da ke cikin Sa'adatu ko Mu'azu ko Rabi'u, yana barinta yadda take, URLEncoder na Java kuwa yana mayar da ita %27. Alamar ~ tana cikin baƙaƙen da RFC 3986 ta ce ba sa buƙatar sauyi, amma URLEncoder yana mayar da ita %7E. `HttpUtility.UrlEncode` na .NET yana rubuta lambobin da ƙananan baƙaƙe, wato ƙ ya fito %c6%99, Java kuma ta rubuta shi %C6%99. Duka biyun daidai ne, duk wata sabar zamani za ta karanta su a matsayin ƙ, amma ga HMAC ba ɗaya ba ne. Mu da sunayenmu ke cike da baƙaƙe masu lanƙwasa da alamar ɗauri mun fi saurin cin karo da wannan, domin misalan gwajin da kamfanoni ke bayarwa galibi sunaye ne na baƙaƙen Ingilishi zalla, komai ya wuce lafiya har sai iyaye na gaske sun fara biya. Tsofaffin saba suna da ƙarin matsala: kafin Tomcat 8, in ba a saita ba, ana warware adireshi ne da ISO-8859-1, wanda ba ya da ƙ, ɗ, ɓ, sai su fito a gurɓace tun kafin kod ɗinka ya gan su.

Sai maimaita suna. Ka ce wutsiya ta zo `a=1&b=2&a=3`. Duk wani Map mai tara ƙimomi, har da LinkedMultiValueMap na Spring, zai ba ka `a` da ƙimomi biyu, sannan `b`. In ka sake haɗawa za ka samu `a=1&a=3&b=2`. Cewa `b` a tsakiya yake, wannan bayanin ya tafi, babu inda aka ajiye shi. In kuwa `Map<String, String>` ka karɓa da @RequestParam, ƙimar farko kaɗai za ka samu, ta biyun ta ɓace ba ƙara. Haka nan `bayani=` da `bayani` ba tare da alamar daidai ba, a Map duk ƙima ce wofi, a wutsiya kuwa sun bambanta da baƙi ɗaya.

Abin ya yi kama da a aiko maka da wasiƙa mai hatimi, ka buɗe ka kwafe ta da rubutun hannunka, sannan ka nemi a tabbatar hatimin a kan kwafin. Ko kalma ɗaya ba ka sauya ba, ba ita aka buga wa hatimi ba.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu rubuta ƙa'idoji. SAML 2.0, ta 2005, wadda ake amfani da ita wajen shiga manhajoji da yawa da asusu ɗaya, ta faɗi ƙarara cewa sauya baƙaƙen adireshi ba hanya ɗaya gare shi ba, don haka mai tabbatar da sa hannu dole ya yi amfani da ƙimomin yadda suka zo a wutsiya, kada ya warware ya sake ɗaurewa. AdMob na Google, wajen tabbatar da ladan kallon talla, yana sa `signature` da `key_id` a ƙarshe, ya ce duk abin da ya gabace su a bar shi yadda yake har jerinsa. PayPal ma a tsohon tsarinsa na sanarwar biya, IPN, yana neman ka mayar masa da saƙon cikakke, a jerin da ya zo.

Gyaran

Ga yadda nake rubuta shi, idan sa hannun shi ne na ƙarshe kamar yadda ka ce:

```
String wutsiya = request.getQueryString();
int i = wutsiya.lastIndexOf("&sig=");
String sako = wutsiya.substring(0, i);
String nasu = wutsiya.substring(i + 5);
```

`sako` shi ne abin da za ka ba `Mac`, ajin Java mai lissafa HMAC, tare da mabuɗin sirrinka. Ka tuna getQueryString yana dawo da null idan babu wutsiya, lastIndexOf kuma yana dawo da -1 idan babu sa hannu, duka biyun ƙin karɓa ne nan take. Ba sai ka ji tsoron `&sig=` ya ɓuya cikin wata ƙima ba, domin alamar & a cikin ƙima %26 ake rubuta ta. Idan sa hannun Base64 ne, zai iya ƙunsar + da / da =, waɗanda za su zo a ɗaure, to ka warware shi sau ɗaya tak. In ka warware sau biyu, + zai koma sarari. Wajen kwatantawa kuma ka yi amfani da `MessageDigest.isEqual`, kada ka yi da `equals` na String, domin shi `equals` yana tsayawa da zarar ya ga baƙin farko da ya saɓa, kuma bambancin lokacin da ya ɗauka bayani ne da mai neman kutse zai iya aunawa.

Akwai mataki na biyu da mutane da yawa ke tsallakewa, ni kuma shi ya fi damuna fiye da na farko. Bayan sa hannu ya dace, kada ka koma `request.getParameter("kudi")`. Ka fitar da ƙimominka daga cikin `sako`, wato daga rubutun da ka tabbatar. Dalili kuwa, wannan adireshin ta burauzar mai biya yake biyowa, yana iya ƙara abin da ya ga dama. A ce wani ya liƙa `&kudi=250000` bayan sa hannu, kai kuma kod ɗinka yana yanke sa hannun a alamar & ta gaba. Ɓangaren da aka sa wa hannu bai taɓu ba, HMAC zai dace. A Java getParameter ƙimar farko yake bayarwa, to a nan ka tsira, amma a PHP `$_GET` ta ƙarshe yake riƙewa, wato wadda ba a sa wa hannu ba, ASP.NET kuma haɗa su yake da waƙafi. Luca Carettoni da Stefano di Paola sun gabatar da wannan salon kutse a taron Turai na OWASP, ƙungiyar tsaron manhajojin intanet, a 2009, kuma tushensa ke nan: ɓangarori biyu na tsari ɗaya suna karanta wutsiya ɗaya, kowa yana ɗaukar ƙima daban. A manhajar kuɗi, ra'ayina shi ne duk sunan da ya zo sau biyu alhali ba a tsara shi haka ba, a ƙi buƙatar gaba ɗaya.

Don farfasa `sako` ba tare da jeri ya ɓace ba, jerin tagwaye kake buƙata. Apache HttpClient yana ba ka `List<NameValuePair>`, HttpUrl na OkHttp yana barin ka nemi faramita da lambar matsayinta. Ko ka rubuta da kanka, layi kaɗan ne: ka raba a kan &, sannan ka raba kowane guntu a alamar daidai ta farko kaɗai, sai daga baya ka warware suna da ƙima. Wanda ya fara warwarewa kafin ya raba, %26 zai koma & ya yanke masa ƙima a tsakiya.

Ga sauran 'yan'uwa da ba Java suke rubutawa ba, ɗanyar wutsiyar tana nan a ko'ina: `$_SERVER['QUERY_STRING']` a PHP, `request.META['QUERY_STRING']` a Django, `request.query_string` a Flask, `r.URL.RawQuery` a Go, `req.originalUrl` a Express, `Request.QueryString.Value` a ASP.NET Core.

Idan kafin ta iso gare ka aka taɓa ta

Wani lokaci getQueryString ɗin ma ba asalin ba ne. A cikin manhajarka, idan wani filta ya yi forward zuwa wani adireshi mai tasa wutsiyar, getQueryString sabuwar zai nuna, ta asalin kuma tana ajiye a `jakarta.servlet.forward.query_string`, ko `javax` a madadin `jakarta` in Spring Boot ɗinka bai kai na 3 ba. Idan shafin da ake dawowa yana bayan shingen shiga, kuma zaman mai biya ya ƙare yana can wajen biya, Spring Security zai kai shi shafin shiga sannan ya dawo da shi, Spring Security 6 kuma yana liƙa `continue` a wutsiya. Wannan ma yana iya zama dalilin faɗuwar wasu kaɗan, musamman iyayen da intanet ɗinsu ke jan ƙafa. Shafin karɓar sakamakon biya bai kamata ya dogara da zaman mai biya ba tun farko.

A wajen manhajar kuma akwai masu shiga tsakani. Dokar sake rubuta adireshi a Nginx ko Apache tana iya ƙara faramita ko sake ɗaure baƙaƙe. Cloudflare yana da saitin jera wutsiya bisa haruffa, Varnish yana da `std.querysort`. API Gateway na Amazon, a tsarin saƙo na 1.0, farfasassun faramitoci yake miƙa wa Lambda, inda kod ɗinka ke gudana, sai a tsari na 2.0 ne ya ƙara `rawQueryString`. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka buɗe log ɗin na'urar da ke bakin ƙofa, ka ga layin buƙatar yadda ya shigo, ka ajiye shi gefe da abin da getQueryString ya buga, ka bi su baƙi-baƙi. A duk manhajar biya da aka kawo mini in duba, da wannan nake farawa kafin in karanta kod, kuma sau da yawa a nan amsar ke fitowa. Ka dai tabbatar mabuɗin sirri bai shiga log ba.

Idan kai ne mai tsara adireshin

Duk abin da na faɗa a sama na wanda aka aiko wa ne, wanda ba shi da ta cewa a kan yadda aka sa hannu. Ranar da kai za ka tsara naka, misali adireshin sauke rasit da ake tura wa iyaye, shawarata ta juye: kada ka gina komai a kan jerin da faramitoci suka zo. Ka fitar da doka guda da ɓangarorin biyu za su bi su samar da rubutu iri ɗaya ko yaya jerin ya iso. Haka OAuth 1.0, tsarin ba manhajoji izini, ya yi a RFC 5849 ta 2010: a ɗaure sunaye da ƙimomi ta hanya guda da aka fayyace, a jera bisa suna, in sunaye sun zo ɗaya a jera bisa ƙima. Tsarin sa hannun Amazon, siga ta 4, ma haka yake, yana jera sunaye bisa lambar baƙi, sarari kuma %20 ne ba +. Jerin nan bisa lambar baƙi ne, ba bisa tsarin abacada na wani harshe ba, don haka babban Z yana gaban ƙaramin a. Wanda ya sa laburarensa ya yi watsi da girman baƙi wajen jerawa zai samu wani rubutu daban.

Wannan ɗabi'ar tana da riba ko ba maganar sa hannu. Ma'ajiyar wucin gadi, ta burauza ko ta kamfanonin da ke rarraba shafuka, da cikakken adireshi take gane abu. In manhajarka yau ta fitar da `?aji=3&zango=2`, gobe `?zango=2&aji=3`, shafi ɗaya za a ajiye sau biyu, sabarka kuma ta yi aiki sau biyu. Faramita huɗu suna da jeri 24. Takardun CloudFront, mai rarraba shafuka na Amazon, da kansu suna ba da shawarar a riƙa jera faramitoci iri ɗaya kullum. Aiki ɗaya a kod ɗinka da ke gina duk adireshi ya magance wannan, a JavaScript ma URLSearchParams yana da `sort()` a shirye.

Inda jeri yake da ma'ana ta gaske, kamar a jera ɗalibai bisa aji sannan bisa suna, ka sa ma'anar a cikin faramita ɗaya: `jera=aji,suna`. Spring Data yana karɓar `sort` sau biyu ya bi jerinsu, kuma wannan yana aiki domin kusan duk laburare suna kiyaye jerin ƙimomin suna ɗaya. Jerin sunaye daban-daban ne ba wanda ya yi maka alkawarinsa.

Iyakar abin da zan iya ce maka daga nan

Ban ga takardar kamfaninka ba, kuma "yadda suka zo" jimla ce da kamfanoni ke nufin abubuwa daban-daban da ita. Wasu ɗanyar wutsiya suke nufi. Wasu suna nufin a warware ƙimomi a haɗa su babu sunaye. Wasu kuma suna da nasu jerin a takarda wanda ba ruwansa da jerin isowa, kamar PayFast na Afirka ta Kudu da ke son a bi jerin da ke cikin takardarsa wajen sa hannun fom ɗin biya. Tunda LinkedHashMap ya wuce da yawancin naka, alamu sun fi karkata ga na farko, amma gwaji ne zai raba gardama. A dandalin gwajin kamfanin, ka yi biya guda da suna mai sarari da alamar ɗauri da baƙi mai lanƙwasa, wani kuma da akwatin bayani a wofi. Ka lissafa sa hannu ta hanyoyin biyu, a kan ɗanyar wutsiya da kuma a kan warwararrun ƙimomi, ka ga wanda ya dace da nasu. Sai ka ajiye waɗannan wutsiyoyin a cikin gwaje-gwajen kod ɗinka, don ranar da wani zai sabunta laburare ko ya sauya saba.

Ko sa hannu ya dace kuma, abin da ya tabbatar shi ne kamfanin ya taɓa fitar da wannan adireshin, bai hana a sake buɗe shi sau goma ba. Lambar biya sau ɗaya za ta ci, ka sa rumbun bayananka ya ƙi maimaita ta. Kuma kada ka rubuta wa ɗalibi "an biya" bisa adireshin da ya biyo ta burauza kaɗai. Paystack yana dawo da mai biya da `reference` a wutsiya, Flutterwave da `tx_ref` da `transaction_id`, kuma dukansu suna so sabarka ta kira tasu kai tsaye ta tambayi halin wannan biyan. Ka duba ko kamfaninka yana da irin wannan ƙofar tabbatarwa. In yana da ita, ka kira ta, sannan ka kwatanta adadin kuɗin da ta faɗa da wanda ke rubuce a rumbunka na wannan ɗalibin da wannan zangon kafin ka fitar da rasit.